Allon Shizue Mai Awara da Ruwan Kanya

Akwai wata dattijuwa a ƙauyenmu na bayan duwatsun Kyoto, Shizue mai awara. Hannunta akwai daɗi, bakinta kuwa sai dai a yi haƙuri.

A saman ƙofar shagonta akwai allon katako da marigayi mijinta Genzo ya sassaƙa sunansa a jiki da hannunsa. Duk duniya ba abin da take ji da shi kamar allon nan.

Maƙwabcinta Tokuji sana'arsa ruwan kanya. Yakan daka ɗanyar kanya, ya tace, ya bar ruwan a gangunan katako ya yi shekaru yana tsima. Katakon da ya sha shi, ruwan sama sai dai ya gangara ya wuce. Amma fa wari, ba a magana.

"Kai tsohon nan, mushe kake dafawa ne?" Haka take gaishe shi ta kan shinge.

Shi kuwa sai ya ce, "Ina kwana, matar Genzo? Wani magani ai sai an toshe hanci."

Da damina ta kankama, Shizue ta taɓa gefen allon, ta ji ya fara laushi. Ta san maganin yana bayan shinge, amma da wane baki za ta roƙa?

Sai ta bari Tokuji ya tafi kasuwa, ta zagaya da tukunyarta ta ƙarfe, ta ɗebo. Abin da ba ta sani ba, ruwan kanya ba ya ga maciji da ƙarfe. Ta ga ya yi duhu a tukunyar, ta ce ƙarfinsa ne, ta lafta wa allon.

Kafin la'asar allo ya koma baƙi ƙirin, sunan Genzo ya ɓace. Yatsunta ma sun rine, sabulu ya ce ba da shi ba. Masu sayen awara suna kallon hannunta suna gimtse dariya.

Tokuji ya dawo, ya tsaya ya dubi allon, ya dubi hannun da take ɓoyewa a baya.

"Matar Genzo, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ni na yi wa kaina," ta ce. "Na saci ruwan kanyarka, kuma na kashe allon mijina."

Ta zaci zai rama duk gorin da ta yi masa. Sai ya yi dariya ya ce, "Sata ma sai da ilimi. Da kin tambaya, da bokitin katako zan kawo miki har gida. Riƙe mini tsani."

Ya sauko da allon, ya kankare samansa a hankali, ya cire inda ya ruɓe. Ya shafa tsohon ruwan kanya, ya shanya a rana, ya sake shafawa. Kullum Shizue sai ta leƙa ta ce, "Wai har yanzu?" Shi kuma ya ce, "Rana ce ke rini, ba ni ba."

A hankali katakon ya yi ja mai duhu. Baƙin nan kuwa ya riga ya nutse cikin ramin sassaƙar, bai fita ba. Sai ga sunan Genzo ya fito raɗau, ana karanta shi tun daga bakin gadar ƙauyenmu.

Ranar da aka mayar da allon aka tafka ruwa. Shizue ta fito ba lema, ta tsaya tana kallon ruwan yana zamewa daga kan sunan mijinta, tana dariya hawaye na zuba.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Kada ka raina sana'ar maƙwabcinka, in kuma wanda ya raina ka ya faɗi a gabanka, ka ɗaga shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda roƙo ke yi wa nauyi a baki.