Burodin Ɗanmaliki da Irin Alkamar Kubura

A zamanin mulkin Turawa an yi wani mutum a Kusada, sunansa Ɗanmaliki. Ban taɓa jin labarin mai girman kai irinsa ba. Soja ya je lokacin yaƙin Hitila, kuma a can aikinsa faskaren itace ne a bayan ɗakin girki. Amma da yake ya leƙa ya ga ana gasa burodi, sai ya dawo gida yana hura hanci, wai duk ƙasar Katsina babu gwani kamarsa.

Yana da yaya, Kubura, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu da ɗan lambu a fadama. Gurasa take yi, da alkamar lambun nan take ci da 'ya'yanta. Ta ware irin shuka a tukunya, ta liƙe bakin da laka.

Ɗanmaliki ya ƙudura zai sayar da burodi a Kankia, inda motocin gyada ke tsayawa. Ya gina ƙaton tanderu a bakin hanya. Ba shi da ko ƙwayar alkama, sai ya faki idon Kubura ya fasa tukunyar, ya kwashe irin ya kai aka niƙe.

Kubura ta biyo shi har Kankia, idonta jawur. Ta ce, "Ɗanmaliki, irina ka niƙe? Mi zan shuka bana?"

Ya ce, "Yaya, ki daina mani hayaniya gaban mutane. In na saida burodin ga, sai in cika maki tukunya har ta zube."

Ta san garin ba zai koma ƙwaya ba, sai ta haɗiye fushinta don kada a yi biyu babu. Ta dafa tanderun, ta ji sanyin laka a tafinta. Ta ce, "Wanga ɗanye ne. Bar shi ya sha iska, ka fara mashi da 'yar wutar kara. Kwaɓin kuma ko tashi bai yi ba. Ka zuba mashi tsami, ka rufe shi ya kumbura."

Ya sheƙe da dariya. "Mai gurasar ƙauye za ta koya mani burodin Bature? Tahi ki ba ni wuri!"

Ya cusa manyan itatuwa, ya kunna wuta kamar mai ƙona tukwane. Ya yanka kwaɓin nan mai nauyi, duka ya tura shi ciki a tashi ɗaya, ko ɗan gwaji bai ware ba. Direbobi da 'yan kamasho suka taru, shi kuwa sai kai da komo yake yana cika baki.

Can aka ji ƙara, fam! Tanderun ya tsage, rufinsa ya rufta kan burodin. Wani direba ya sa sanda ya zaƙulo guda. Bayansa gawayi, cikinsa ɗanyen ƙullu, ga laka da toka. Ya jefa wa kare, kare ya sansana ya yi gaba. Wurin ya kaure da dariya.

Kubura ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙaninta ta ce, "Ba burodi ka ƙona ba, abincin marayu ka ƙona. Kada ka ƙara taka ƙofar gidana."

Da sanyi ya shigo, lambunan maƙwabta suka yi kore shar, nata kuwa fako. Shekarar nan surfe da daka ta yi a gidajen mutane. Har Ɗanmaliki ya bar Kusada ba ta sake amsa sallamarsa ba, kuma ni ban ga laifinta ba.

To, mai karatu, leƙen sana'a daban, iya ta daban. Tanderu sai ya bushe, kwaɓi sai ya tashi, mai koyo kuwa sai ya saurari na gabansa, ya fara da kaɗan. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma mafi munin abin shi ne sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne yake kwana da yunwa saboda shi.