Fallen da Tawada Ta Ɓata

Akwai wani saurayi da ya dawo gida bayan shekara tara a ƙasar waje. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Ɗan Sauri, domin ko gaisuwa a tsaye yake yin ta, ƙafa ɗaya a waje.

Kawunsa ne ke kula da ɗakin littattafai na wani tsohon masallaci, wanda ake zuwa ziyararsa daga nesa saboda malaman da suka karantar a cikinsa shekaru aru-aru. Ɗakin ƙarami ne, tagarsa ɗaya. Littattafan duk rubutun hannu ne, ba a ɗinke suke ba. Falle-falle ne babu lambar shafi, kowane littafi a cikin gafakarsa ta fata.

Ɗan Sauri ya zo da kyamara, ya ce zai ɗauki hotonsu duka a adana a kwamfuta.

Kawu ya ce, "Aiki ne mai kyau. Amma littafi ɗaya a kan tabarma. Sai ka mayar da shi gafakarsa kafin ka buɗe wani."

"Kawu, a haka ai sai jikokina ne za su ƙarasa."

"To yi auren tukuna, mu ga jikokin."

Ranar Laraba Kawu ya tafi asibiti a duba masa ido. Ɗan Sauri ya samu fili, ya buɗe littattafai huɗu a lokaci guda. Cikin aikin ya ci karo da wani falle da baƙar tawada ta ɓata rabinsa. Ya ce wannan ba zai yi kyau a hoto ba, ya saka shi a kwalin da ake tara takardun da suka lalace, waɗanda ladan ke binnewa saboda sunan Allah da ke jikinsu.

Da zafi ya dame shi, sai ya ɗauko fanka daga cikin masallaci ya kunna.

Kafin ya kai hannu ya kashe ta, littattafai huɗu sun zama tuli ɗaya.

Kawu ya dawo da auduga manne a ido ɗaya. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗaga wata jar gafaka da ta zama wayam.

"Wannan ba namu ba ne. Na Iya ne, tsohuwar nan ta bayan kasuwa. Mahaifinta ya rubuta shi da hannunsa, ta kawo mana amana. Sau ɗaya a shekara take zuwa ganinsa, kuma jibi Juma'a ce ranar."

Ɗan Sauri ya ce, "Kawu, babu lamba. Ta yaya za a gane na gaba da na baya?"

Kawu ya zauna, ya ɗauki falle ɗaya, ya nuna masa can ƙasa. Wata kalma ce guda, ita kaɗai a kusurwa.

"Marubutan da, in sun gama falle, sai su ajiye kalmar farko ta falle na gaba a nan. Kowane falle yana riƙe da hannun ɗan'uwansa. Yau idona ɗaya ne, naka biyu. Zauna."

Ya zauna. Kawu na rarrabe hannun marubuta, shi kuma yana neman kalma. Salla kaɗai ke tayar da su. Tun dawowarsa gida bai taɓa zaman awa guda wuri ɗaya ba sai ranar.

Alhamis bayan azahar littattafai uku suka kammala. Na Iya ya tsaya a tsakiya. Kalmar da ke ƙasan falle ba ta dace da farkon kowane falle ba.

Kawu ya ce, "Ɗaya ya ɓata."

Ɗan Sauri ya tuna da fallen nan mai tawada. Zai iya cewa dama can babu shi, kuma ba mai ƙaryata shi. Amma sai ya ce, "Ni na cire shi, Kawu. Tawada ta ɓata shi, na sa a kwali."

Suka duba lungun da ake ajiye kwalin. Babu kwali.

Ya fita da gudu ba takalmi. A bayan masallaci ya tarar da ladan ya gama haƙa rami, kwalin na gefensa.

Da ya ga Ɗan Sauri ya zaro fallen daga kwalin, ladan ya ce, "Yau dai saurin naka ya yi rana."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Iya ta shigo tana dogara sanda. Ba ta iya karatu ba. Ta riƙa ɗaga fallayen a hankali har ta iso kan mai tawadar, ta tsaya. Sai a lokacin Ɗan Sauri ya lura cewa baƙin nan ba zubewar tawada ba ne kawai. Sawun ɗan ƙaramin tafin hannu ne, da yatsu biyar.

Iya ta ɗora hannunta mai tamoji a kai.

"Shekarata uku na tsoma hannu a tawadar Baba na dafa masa aiki. Ana ta cewa ya sake rubuta fallen. Ya ce a'a, 'yarsa ma ta sa hannu a littafin." Ta yi murmushi. "Duk littafin nan, nan kaɗai na iya karantawa."

Ɗan Sauri ya sunkuyar da kai.

Bayan ta tafi, ya ɗauko kyamara, ya buɗe littafi ɗaya tak a kan tabarma. Fallen mai tawada ya fara ɗauka.

Kawu ya ce, "A haka fa sai jikokinka."

"Su ƙarasa, Kawu. Zan nuna musu inda kalmar take."

Darasi: Ilimin da ka samo a waje alheri ne, amma kafin ka gyara abin da ka tarar a gida, zauna ka tambayi dalilin da ya sa aka bar shi haka. Abin da ka gani a matsayin datti, wataƙila shi ne duk abin da wani ya mallaka na mahaifinsa. In kuma ka yi kuskure, faɗi gaskiya tun ba a rufe rami ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman irinmu da ba ma iya zama wuri ɗaya.