Abin da Hayaki Yake Nema a Idon Mutane

Dalilin da ya sa hayaki yake bin mutum duk gefen da ya koma a bakin wuta, ya tsallake hanci da baki ya nufi ido, ba iska ce ke kaɗo shi ba kamar yadda kuke cewa. Ku daina murza idon nan, ku ja baya kaɗan in gaya muku.

A da can Hayaki ba ya tashi sama, ba ya sa kowa hawaye. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, ga sanyin hali, ga magana a bakinsa kamar ni da ku. Amininsa wani mai tsire ne, sunansa Cindo. Tun Cindo bai iya riƙe wuƙa ba suke tare, Hayaki ne ma ya koya masa zaɓen itace.

"Ni ba ni da ƙamshin kaina," in ji Hayaki. "Abin da ka ciyar da ni, shi nake kai wa nama. Ka ba ni ƙirya in daɗe ina ratsa tsoka. Ka ba ni marke ko busasshiyar tsamiya in bar masa ɗanɗano. Amma icen da ke zubar da farin ruwa kamar nono, irin tumfafiya, kada ka taɓa ba ni. Ban san abin da zan zama ba."

Cindo ya ce, "Haba aboki! Ni zan yi maka haka?"

Suka ci gaba da sana'arsu. Cindo ya daka ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari, ya ƙara barkono da gishiri, ya barbaɗe nama ya jera a bakin wuta. Hayaki ya shiga ya fita, sannan ya ɗauki ƙamshin ya zaga gari yana jawo mutane ta hanci. Yabo duk na Cindo ne, Hayaki kuwa ko a jikinsa. Shi dai a san shi da alheri ya ishe shi.

Ana nan sai Tabawa, 'yar Cindo, ta yi haihuwar fari a gidan ubanta. Ranar suna dangin miji suka cika ƙofar gida, har da uban mijin, Malam Jatau, mutumin da ko tari ya yi sai Cindo ya gyara zama. Aka yanka rago. Cindo ya je ɗebo ƙirya, ya tarar ruwan damina ya jiƙe ta sharkaf, don shi da lalacinsa a waje ya bar ta. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya saɓa gatari ya zaga bayan gida, ya saro tumfafiya ɗanya shataf. Ya cusa ta can ƙarƙashin wuta, ya rufe da 'yan ƙirare.

Hayaki ya ji wani ɗaci ya taso masa tun daga ƙasa. Ya ce a hankali, "Cindo, me ka ba ni?"

"Yi shiru mana, surukaina na kallo."

"Cindo, jikina yana baƙi. Cire shi!"

Cindo ya kau da kai, ya ƙara fifita wutar.

Hayaki ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe kansa, ya kasa. Ya turnuƙe baƙi ƙirin, ya bi ta kan naman, ya faɗa cikin taro. Nan take idanu suka kama raɗaɗi. Maza da gemunsu suna zubar da hawaye, mata suna salati, jaririn ya tsanyara kuka daga ɗaki. Ba wanda ya taɓa ganin irin wannan abu tun da aka fara hura wuta. Hayaki kansa ya firgita, yana ja da baya yana cewa, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri," amma duk wanda ya matsa ya bai wa haƙuri sai kukansa ya ƙaru.

Malam Jatau ya ɗanɗana naman ya tofar. Ya ce, "Subhanallahi! Cindo, a sunan jikanmu? Wane irin ice ka sa?"

Kunyar suruki ta rufe Cindo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ƙirya ce zalla. Wannan Hayakin ne. Dama mugun hali gare shi, shekara da shekaru ina rufa masa asiri."

Hayaki ya tsaya cak. Ɗacin tumfafiya bai kai ɗacin wannan magana ba. Ya ji mutanen da jiya suke bin ƙamshinsa da murna suna cewa, "Ashe! Ashe mugu ne!" Wani har da korarsa da hula.

Ya matso gaban amininsa ya ce, "Cindo, ɗago ka dube ni ido cikin ido ka maimaita."

Cindo ya runtse ido ya koma gabas da wutar. Hayaki ya bi shi. Ya koma yamma, Hayaki ya sha gabansa. "Ba faɗa zan yi da kai ba. Ka dube ni kawai ka faɗa."

Bai duba ba. Ya kutsa cikin taro, ya fice ta ƙofar baya, ya bar garin ko tsinken tsire bai ɗauka ba.

Ranar ce Hayaki ya fara miƙewa sama, ya wuce tsawon zana, ya wuce tsawon rimi, ko zai hango hanyar da Cindo ya bi. Bai gan shi ba. Daga nan bai ƙara yi wa kowa magana ba, ɗacin kuma bai bar jikinsa ba.

To, shi ya sa har yau masu gashi suke gudun ɗanyen ice mai farin ruwa, shi kuma hayaki in ka zauna a bakin wuta sai ya zo ya leƙa idonka. Kana kau da kai ya biyo ka, don abin da Cindo ya yi masa ke nan. In ka daure ka tsaya, zai duba ya ga kai ba Cindo ba ne, ya koma kan na kusa da kai.