Wayar Hita da Murɗin Bahago

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, bakanike ne, sunansa Barau. Na baya ku matso, ku saurara da kyau. Barau bahago ne, da hannun hagu yake riƙe sifana. Shekara talatin yana gareji ɗaya, ba a taɓa jin ya musanya wa wani kayan mota ba. In gardama ta tashi tsakanin makanikai, shi ake kira ya duba, abin da ya faɗa kuma ya zauna.

A garin akwai wani tsohon hedimasta, Malam Isyaku, mai wata tsohuwar mota da ya gada wajen mahaifinsa, irin mai dogon hancin nan da yanzu sai a hoto. Yana ji da ita kamar 'yar fari. Wata damina ya ɗauki mahaifiyarsa za su gaisuwa wani gari a kan dutse. Suna cikin hawa ruwa ya tsuge, sanyi ya sauko, gilashin gaba ya yi gumi har ba ya ganin hanya. Ya kai hannu ya ja maɓallin hita, abin nan da ke hura iska mai ɗumi ta share gilashi. Sai maɓallin ya biyo hannunsa, guntuwar waya tana reto. Kafin ya ankara mota ta gangara rami, tsohuwa ta karye a cinya.

To, sati guda kafin nan, wani bakanike mai suna Sallau ne ya yi wa motar aiki a ƙarƙashin sitiyari. Sallau mai 'ya'ya shida ne, ga shi da garaje a aiki, kowa ya san shi da haka. Malam Isyaku ya kai ƙara wajen shugaban gareji. Dokarsu kuwa ba ta da kwana: wanda ya ɓata abu a motar mutane ya rufe bai faɗa ba, ya kwashe kayansa ya bar gareji. Sallau ya yi ta rantsuwa har da hawaye, babu wanda ya saurare shi. Shugaba ya ce, "A ba Baba Barau ya canja wayar. Gobe bayan la'asar ya gaya mana abin da ya gani."

Barau ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wayar daga bututunta, ya fito da ita haske. Jama'a, ku ji abin da ya gani. Wayar ba sabuwar tsinkewa ta yi ba. An taɓa haɗa ta da guntuwar wayar birkin keke, wurin haɗin ne ya yi tsatsa ya rabu. Murɗin kuwa ta hagu ya tafi. Duk garejin nan mutum ɗaya ne ke murɗa waya ta hagu.

Sai ya tuna. Shekara tara da suka wuce shi ya tsinka ta garin gyaran wani abu, ya ɗaure ta, ya ce a ransa, wa ke kunna hita a ƙasar nan da rana ke narka kwalta? Ya yi niyyar faɗa, kunya ta hana shi, har ya manta.

Ga kwata nan kusa da ƙafarsa, in ya wurga wayar ciki magana ta ƙare. Babu wanda ya gani. Ku ji fa, babu wanda ya gani! Amma sai ya naɗe ta ya sa a aljihu. Ya tafi wajen 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin kayan mota ya nemo waya ta ainihi, ya zura mata mai, ya ɗaura, ya ja maɓalli ya mayar har sai da iska mai ɗumi ta bugi gilashi.

Washegari aka taru. Shugaba ya ce, "Baba, me ka gani?"

Barau ya ajiye wayar a kan benci ya ce, "Sallau bai taɓa ta ba. Ku dubi murɗin. Aikina ne, na shekara tara da suka wuce."

Wani ya saki sifana ta faɗi ƙasa. Malam Isyaku ya miƙe baki buɗe ya ce, "Malam Barau, kai? Kai da nake rantsuwa da amanarka?"

"Ni ne, Malam. Ni na karya Hajiya. Ka kai ni in roƙe ta gafara."

Shugaba ya matso ya rage murya. "Haba Baba, shekara tara fa! Mu ce tsufa ne ya cinye wayar, kowa ya huta."

Barau ya ce, "Jiya da kuke zaton Sallau ne, ba ku ce tsufa ba."

Ya sunkuya ya ɗauki akwatin kayan aikinsa da kansa. Sallau ya riƙe masa riga yana kuka, yana cewa, "Baba, don Allah kar ka tafi." Barau ya zare hannunsa a hankali ya ce, "Koma bakin aikinka, yara na jiranka da abinci."

Na ga kuna jira in ce an dawo da shi. Wallahi ba a dawo da shi ba. A bakin kasuwa ya ƙare rayuwarsa yana gyaran injin niƙa, mutanen da ke rusuna masa da suna wucewa kamar ba su san shi ba. Ni kaina in na kawo nan sai tsigar jikina ta tashi.

'Yan'uwa, gaskiya ba ita ce wadda kake faɗa a kan wani ba. Gaskiya ita ce wadda za ka faɗa a kan kanka, ranar da shirunka zai cece ka ya hallaka ɗan'uwanka. Kai magini da ka rage siminti ka shafe da fenti, ke da kika fasa abu kika bari ana zargin maƙwabciya, kai direba da ka ji birki na ƙara ka miƙa wa abokin aikinka makulli ka yi gum, da ku nake. In akwai wanda yake ɗauke da laifinka a yau, kar ka bari a kira sallar magariba ba ka je ka sauke masa ba. Kunyar mutanen gareji ta yini guda ce. Akwai taron da ba a ɓoye komai a aljihu, kuma dukanmu za mu halarta.

Allah Ya ba mu ƙarfin halin cewa "ni ne" tun muna da bakin faɗa.