Butar Alhaji Labaran da Giyar Motarsa

An ce wai a wani gari na bakin babbar hanya an yi wani Sarkin Kanikawa mai suna Nomau, wanda ya tsufa a ƙarƙashin mota har bayansa ya ranƙwafa. Gareji ɗaya ne babba a garin, kowane bakanike da rumfarsa, kuma suna da wata al'ada da suka gada. Duk wanda aka kama da ha'inci, ba a dukansa, ba a kai shi gaban alƙali. Akwatin kayan aikinsa kawai ake ɗauka a dire masa a bakin ƙofa. Wanda aka yi wa haka ya gama cin abinci a garin nan, don ko facin keke ba mai sake ba shi.

A cikin kanikawan akwai Sallau, gwanin giya, mutum mai hannu da saurin aiki, sai dai ba shi da haƙurin tambaya. Amininsa shi ne Haladu, mai sayar da kayan mota na Kwatano a bakin garejin. Tare suka tashi, a kwano ɗaya suke cin abincin rana, har mutane kan ce in ka ga ɗaya shi kaɗai, to, ɗayan ba shi da lafiya.

Wata rana Alhaji Labaran mai goro ya kawo motarsa. Tsohuwa ce ƙwarai, irin mai canza giya da kanta, wadda ake ce wa otomatik. Gadon yayansa ce, yana kiranta Dattijuwa, kuma in kana son ka ga ɓacin ransa, ka jingina da ita. Giyarta ta mutu murus. Sallau ya leƙa, ya saurara, ya ce sai dai a sake wata. Haladu ya kawo 'yar Kwatano mai kyau, Sallau ya sauke tsohuwar ya jefar da ita bayan rumfa ba tare da ya ko buɗe cikinta ba, ya ɗora sabuwa, ya zuba jan mai. Dattijuwa ta tashi garau kamar ba ita ba.

Ba a daɗe ba ta fara nuna hali. Da safe in an sa ta a giya sai ta yi jim kafin ta amsa, a kan hanya kuma ta riƙa fizga, inji na ihu amma jan babu. Sallau ya gyara wayar totur, ya duba sandar da ke sa giya, ya bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro sandar awon man giya, ya ga man ya cika har ya ɗan haura layi, ya ce to, ba ƙarancin mai ba ne, ya mayar. Kullum ta ɗan lafa, kullum ta dawo.

Ranar da abin ya fashe, Alhaji ya ɗauko limamin gari da dattawan unguwa za su ɗaurin aure ƙauye. Suna tsakiyar hawan da ke bayan gada, Dattijuwa ta saki. Inji na kururuwa, mota na komawa da baya. Kafin Alhaji ya dawo hayyacinsa ya danna birki, ta gangara ta zauna a cikin gonar dawa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma dattawa sun fito ta kowace ƙofa suna salati, rawanin liman ya warware, aka kuma ɗaura auren babu su.

Aka jawo motar gareji. Sallau ya kwance notin ƙasan giya a gaban jama'a, ya tara tasa. Maimakon jan man da ya zuba da hannunsa, sai ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kunu. Kowa a wurin ya san ma'anarsa: ruwa ya gauraye da mai.

Alhaji bai yi ihu ba, abin da ya fi ba Sallau tsoro ke nan. Ya tafi rumfar Sarki ya shigar da ƙara. Ya ce cikin biyu dole a yi ɗaya, ko dai Sallau ya yi masa algus, ya sirka mai da ruwa, ko kuwa Haladu ya sayar masa da giyar motar da ambaliya ta ci. Ya ce ba ya neman komai sai al'ada ta yi aikinta.

Da aka zauna, Sallau ya dubi akwatinsa, wanda aka riga aka ajiye a tsakiyar fili, ya tuna iyalinsa, tsoro ya kama shi. Ya san bai sirka komai ba. In kuwa ba shi ba ne, wa ya rage? In jifa ya wuce kanka, ya faɗa kan kowa, haka zuciya ta raya masa. Ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, ni dai abin da aka ba ni na ɗora. Mai kaya shi ya san inda ya samo kayansa. Da ma na sha jin ana cewa yana sayen na ruwa.”

Bai taɓa jin haka daga bakin kowa ba. Haladu ya juyo ya dube shi baki buɗe. Sai ya ce a kawo Alƙur'ani. Sallau ma ya ce a kawo.

Nan Sarki Nomau ya shiga tsaka mai wuya. Ga mutum biyu, bai taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba, kowanne a shirye yake ya rantse. Ga mai ƙara da gaskiyarsa a cikin tasa, kowa na gani. In ya bari aka yi rantsuwa, ɗaya zai ɗauki abin da ya fi kora nauyi. In ya hana bai kawo hujja ba, a ce yana rufa wa yaransa asiri. Ya ce a bar Littafi inda yake tukuna, ba a gaggawar kai hannu gare shi a kan abin da ido zai iya gani. Sa'an nan ya juya ga Alhaji, ya roƙe shi ya ba su labarin yadda yake kula da Dattijuwa.

To, an taɓo wa Alhaji inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama ya ce ba motar da ke samun gata irin nata. Kullum bayan asuba, kafin ya karya, sai ya cika buta ya ɗura mata a lagireto, wurin ruwan sanyaya inji, ta shanye tas. Kuma ga tsabta, ba ta taɓa ɗiga masa ko ɗigo a ƙofar gida ba. Man giyarta kuwa, tun tsohuwar giyar, ba ya raguwa, har ƙaruwa yake yi, shi ya ɗauka albarkar marigayi ce. Jama'a suka gyaɗa kai suna yaba kulawarsa. Sarki kaɗai bai gyaɗa ba.

Ya ce Alhaji ya je da ƙafarsa ya sayo man giya a rufe. Aka tsiyaye kunun, aka zuba sabo a kan idonsa. Sarki ya aika marina aka ɗebo masa ruwan baba a tulu, aka tace, ya miƙa wa Alhaji. Ya ce ya tafi da motar gida, ya kulle ta da kwaɗonsa, kada Sallau ko Haladu su ko raɓe ta. Ya riƙa ɗan zagayawa da ita cikin gari yadda za ta iya, kuma kullum da safe ya cika butarsa daga tulun nan, ya ɗura mata kamar yadda ya saba, har zuwa ranar da ya sa za a duba ta. Mutane suka watse suna gunaguni, wasu na cewa tsufa ya fara taɓa Sarki, zai rina mota.

Kwanakin nan Sallau bai san ɗanɗanon abinci ba. Da rana kwanon na zuwa, ya buɗe ya rufe. Haladu na can shagonsa, ba ya ko duban rumfar.

Ranar da aka sa, da hantsi, gareji duka ya taru a ƙofar gidan Alhaji. Motar ta kwana ba a tayar da ita ba, kamar yadda Sarki ya umarta. Alhaji ya buɗe kwaɗo da kansa, aka turo ta waje. Sarki ya shimfiɗa buhu, ya kwanta da ƙyar, ya tura farar tasa, ya sassauta notin giya a hankali. Ruwa ya fi mai nauyi, in sun kwana shi ke kwanciya a ƙasa. Abin da ya fara zubowa shuɗi ne, shuɗin baba sak, sai daga baya jan mai ya biyo.

Wurin ya ɗauki salati. Alhaji ya dubi tasa, ya dubi butar da ke gefen ƙofa, ya nemi dakali ya zauna.

Sarki ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce, “Alhaji, ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya ɓacewa banza. Ka ce tana shan buta kullum, ƙasa ba ta gani, mai kuma yana ƙaruwa. A cikin lagireton irin wannan mota akwai wani siririn bututu da man giya ke bi ya sha iska. Tsatsa ta huda shi. Ruwan da kake ɗurawa ta sama, ta nan yake sulalewa cikin giya. Shi ya kashe ta farko, shi yake cin ta biyu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba wanda ya cuce ka a cikin mutanen nan. Da hannunka ka shayar da ita, da kyakkyawar niyya.”

Ya yanke cewa Alhaji ya sake lagireto, kuma ya je gareji, inda ya yi zargin, ya janye shi a gaban waɗanda suka ji. Alhaji ya ce ya yarda. Sallau ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, har ya fara murmushi.

Sai Sarki ya ce, “Sallau, in mun koma, ɗauki akwatinka ka kai bakin ƙofa.”

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Jama'a suka dubi juna, ba wanda ya gane. Sallau ya durƙusa ya ce, “Baba, ai an ga ban sirka ba.”

“Ba ka sirka mai ba,” in ji Sarki. “Ka binne gawar tsohuwar giya ba ka tambayi abin da ya kashe ta ba, ka kuma ga mai ya haura layi ba ka ce daga ina ba. Wannan sakaci ne, maganinsa ka wanke giyar nan da sabon mai har ta sake fitar da ja, ladanka na wurin Allah. Amma ka tsaya a gabana ka sirka magana da abin da ba ka ji ba, don akwatin wani ya fita a madadin naka. Wannan shi ne ha'incin da na gani a shari'ar nan. Ba ni ka yi wa ba, don haka ba ni zan yafe ba. Akwatin zai zauna a bakin ƙofa. In Haladu ya ga dama ya shigo da shi, ka zauna. In ya bar shi, ka san hanya.”

Sallau ya ɗauki akwatin da kansa. Bai taɓa sanin yana da nauyi haka ba. Ya dire shi a bakin ƙofa, ya tsaya a gefensa kai a sunkuye, kunya ta fi tsoron yawa. Shagon Haladu na kallon wurin. Rana ta take, guduma ta daina ƙara a garejin, kowa ya bar aikinsa ya zuba ido. Aka kira azahar, aka yi salla, aka dawo, akwatin na nan.

Sai da inuwa ta fara juyawa Haladu ya fito. Bai dubi Sallau ba. Ya sunkuya ya ɗora akwatin a kansa, ya ratsa fili da shi, ya ajiye a rumfar Sallau. Da zai koma, ya ga kwanon abincin a rufe a kan benci. Ya ɗan tsaya, sa'an nan ya wuce shagonsa. Sallau ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro.

Dattijuwa ta warke bayan an sake mata lagireto an wanke giyar, ko da yake har ta bar hanya tana ɗan fizga in za ta shiga ta biyu. Sallau ya ci gaba da aiki a garejin, kuma daga ranar ba ya ɗora sabon abu sai ya buɗe tsohon ya ga ajalinsa. Da shi da Haladu suna gaisawa, suna ciniki, suna zuwa sunan 'ya'yan juna. Amma abincin rana, kowa a kwanonsa yake ci.

Shi ya sa dattawan garejin kan gaya wa na baya: kafin ka sake abin da ya mutu, nemi abin da ya kashe shi, kuma kafin ka nuna mai laifi, tabbata akwai laifin. Ruwan da ya shiga mai ana wanke shi, wanda ya shiga aminci ba ya fita duka.