Motar da Ake Ajiyewa a Kan Tudu

Akwai wani mutum mai tsohuwar mota, sunansa Istifanus, shi ne ɗan fari a ɗakinsu. Shekara goma sha takwas yana kai mahaifiyarsa sujada kowace Lahadi, tana zaune a kujerar gaba da sandarta tsakanin gwiwoyi. Duk ikilisiya ta san kujerar nan tata ce, ta kuma san wanda ke buɗe mata ƙofa.

Yana da ƙane, Gidiyon, autan tsohuwar, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Istifanus ne ya fara koya masa riƙe sifana, amma ƙanen ya wuce shi, ya zama rewaya, mai gyaran wutar mota, har daga wasu garuruwa ake kawo masa aiki. Da Allah ya buɗa masa, ya sayi mota mai kyau. Ranar da ya kawo ta gida, tsohuwa ta shiga ta sa albarka, ta shafa kujera, ta ce, "Kai, Auta, wannan kujera da laushi take!"

Magana ke nan guda ɗaya. Amma Istifanus ya ɗauke ta ya kai ɗaki, ya kwana da ita, ya tashi da ita. Ya ce a ransa, "Yaron da na goya! Ya kwashe suna a gari, yanzu uwar ma zai karɓe."

Da damina ta sauka, sai tsohuwar mota ta fito da wani hali. Yau a murɗa makulli ta tashi nan take. Gobe a murɗa, sai a ji ƙas, shiru. Istifanus yakan buɗe gaba, ya ƙwanƙwasa kik, wato abin da ke tada injin, da guntun ƙarfe, wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta ƙi.

Wata safiya Gidiyon ya leƙo ta katanga, ya ce, "Yaya, ina kwana? Na ji motar tana ƙas. In zo in duba?"

Istifanus ya ce, "Kunnenka ne ke ƙas. Je ka goge taka, kada ƙuda ya sauka a kai."

Ya tsallake ƙofar ƙanensa, ya kai motar birni. Amma a gaban bakanike, sau goma aka murɗa makulli, sau goma ta tashi. Bakanike ya ce, "Maigida, ai motarka lafiyarta ƙalau." Da ya nace, aka sauya batir. Kwana huɗu, ƙas. Ya koma wurin wani, aka sauya kik gaba ɗaya. Mako guda, ƙas.

Sai ya yi dabara. Akwai tudu a ƙarshen layinsu. Ya riƙa ajiye motar a can, fuskarta tana kallon gangara. In ta ƙi, sai ya sake ta ta gangara, ya sa giya, ya ɗaga ƙafa, ta tashi. A bayan majami'a ma ya samo wata 'yar gangara. Amma ya ji tsoron kawo ta ƙofar gida ranar Lahadi, gama tsohuwa ba ta da sauri, motar kuwa in ta daɗe tana jira takan mutu. In ta mutu a nan, Gidiyon zai fito da makullinsa a hannu. Don haka ya ce wa uwarsa, "Inna, daga yau a can sama za mu riƙa shiga. Tafiya tana da amfani ga jiki."

Tsohuwa ta dube shi, ta ɗauki sandarta. Lahadi bayan Lahadi tana hawan tudun nan da sanda, tana tsayawa sau uku kafin ta kai.

Wata Lahadi aka wayi gari an sha ruwa, hanya ta yi santsi. A tsakiyar tudu sandar ta zame, tsohuwa ta faɗi a kan gwiwarta. Gidiyon ya ji ihu, ya fito da gudu, ya ce, "Inna, bari in kawo motata!"

Tana zaune cikin laka, ta ce, "Ba inda za ni. Auta, hau ka buɗe waccan. Kai kuma Babba, shiga ka zauna. In ya ce murɗa, ka murɗa."

Babu wanda ya yi musu. Gidiyon ya ce, "Yaya, kunna fitila. To, murɗa." Ƙas. Fitilun suka dushe kamar za su mutu. Ya bi kakkaurar wayar da ta haɗa batir da jikin mota, ya taɓa inda aka ɗaure ta, ya ji da zafi. Ya kwance, sai ga tsatsa ta cinye wurin. Ya kankare ta har ƙarfe ya fito fari, ya mayar, ya ɗaure tam. Ya ce, "Murɗa." Mota ta tashi. Aka kashe, aka murɗa, ta tashi.

Istifanus ya ce, "Shi ke nan? Da batir da kik duk lafiyarsu?"

Gidiyon ya ce, "Tun fari ma lafiyarsu ƙalau. Wuta tana nan, hanya ce ta toshe. Tun kafin ka kai ta tudu nake jin ta ta katanga, Yaya. In ƙasa ta jiƙe ta ƙi, in rana ta buga ta yarda. Duk ƙwanƙwasar da kake yi, wayar ce ke ɗan motsawa."

Da suka sauko wurin uwarsu, ta ce wa babban, "Laushin kujera na yaba. Na ce maka zan sauka daga taka ne?"

Mota ta gyaru kafin a buga ƙararrawar sujada ta biyu. Gwiwar tsohuwa kuwa ba ta sake gyaruwa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar nan ita ce zuciyarka. Batir cike da wuta alherin Ubangiji ne, bai taɓa ragewa ba. Tsatsar nan kuwa kishi ne, ba a kan babban wuri yake zama ba, a mahaɗa yake zama, inda kai da ɗan'uwanka kuka haɗu.

Ku lura da kyau, gama wannan ciwo ba kullum yake nuna kansa ba. A gaban Fasto kuna tashi da murɗa ɗaya. A cikin mawaƙa muryarku ta fi ta kowa. Amma a yabi ɗinkin wata a gabanki, ko a ce gonar ƙanenka ta fi taka kyau bana, sai ƙas. Gaisuwa ta maƙale. Addu'a ta ƙi fita. Sa'an nan ku ce wai ikilisiyar ce ba ta da zafi, ku sauya majami'a kamar yadda wancan ya sauya batir. Ku sauya goma, tsatsar tana tare da ku.

Ni ban zauna a aji ba, amma na yi renon 'ya'ya bakwai, na san wannan: wanda ke ganinka sau ɗaya a mako ba zai gane ciwonka ba. Na bayan katangarka ne ya san shi, wanda ke jin ka kowace safiya. Sau da yawa kuma shi ne wanda ba ka son ji an yaba. Allah ya ajiye maka mai gyara a ƙofar gida, kai kuwa kana tsallake shi.

Kada kuma wani ya ce mini kishinsa a cikinsa yake, bai taɓa kowa ba. Ƙarya ne. Akwai wanda ke hawan tudu saboda kai: matarka, ko 'ya'yanka da ka hana shiga gidan kawunsu, ko uwar da kuke ja tsakaninku. Istifanus don kada ya rasa uwarsa ne ya karya mata gwiwa.

Kafin rana ta faɗi yau, je ka ƙwanƙwasa ƙofar nan da kake tsallakewa, ka ce, "Zo ka duba ni." Kada ka jira santsi.

Tsohuwar nan ta ci gaba da zuwa sujada a kujerarta ta dā. Sai dai ba ta iya shiga da ƙafarta, mutum ɗaya kuma ba ya iya ɗaga ta. Kowace Lahadi Babba da Auta sukan riƙe wuyan hannun juna, ta zauna a kai, su kai ta mota. In ɗaya ya saki, ta faɗi. Mai kunne ya ji.