Jar Waya da Koriyar Waya

Akwai wani mutum a unguwarmu a birnin Semarang na ƙasar Indonesiya mai suna Gunarto. Sana'arsa haɗa siraran wayoyi: kyamarar tsaro, ƙararrawar gobara, da na'urar magana ta bakin ƙofa. Aikinsa da tsafta, amma ba shi da lasisi, don haka ƙananan ayyuka kawai yake samu.

Duk inda za shi, matarsa Sekar na bayansa a kan babur, rungume da jakar kayan aiki. Masu shan kofi a rumfar bakin titi ba sa barin shi ya wuce lafiya.

"Ango, har yanzu amarcin bai ƙare ba? Ko tsoro kake a sace ta?"

Sai ya yi dariya ya ƙara mai.

Abin da ba su sani ba shi ne, idon Gunarto ba ya bambance ja da kore. Haka aka haife shi. Idan ya hau tsani, Sekar ke tsaye a ƙasa tana cewa a hankali, "Ta hagun ce ja, Mas," yadda matan can ke kiran maigida. A gida kuma takan ɗaura wa wayoyin zare, ƙulli ɗaya ja, ƙulli biyu kore. Daga shi sai ita suka san wannan.

Wata rana Pak Harjo (Pak kamar Malam ne a can), dattijon da ke gina masaukin 'yan mata masu aiki a masana'antar ɗinki, ya kira shi.

"Ina so ka sa mini ƙararrawar gobara a ginin nan gaba ɗaya. Amma sai da lasisi, masu duba gini ba sa wasa. In ka samu kafin a gama fenti, aikin naka ne."

Gunarto ya je ya tambayo sharuɗɗa. Dole a sami ƙwararre ɗaya da ya ci jarrabawa wanda zai riƙa sa hannu a kan aiki. Kuma masu jarrabawar ba sa karɓar kowa sai da takardar likita cewa idonsa na rabe launi.

Abinci ya daina shigarsa. Sekar ta soya masa tempe, wainar waken soya, yadda yake so, ya juya cokali a kai ya tashi.

Abokinsa Bagyo ya ce, "Kai dai ka cika tsoro. Na san wanda zai buga maka takardar har da hatimi, ko idonka ba zai kalla ba. In yi masa magana?"

Gunarto ya ce a yi.

Sekar ta ji labarin. Ta ce, "Mas, ranar jarrabawa ba za su bar ni in tsaya a gindin tsani ba."

"To me kike so in yi? In mutu ina gyaran ƙararrawar ƙofar mutane?"

"Bari ni in zauna jarrabawar."

Ya miƙe tsaye. "Ke? A ce ni yaron matata ne? Da wane ido zan wuce ta gaban rumfar kofi?"

Washegari ya ɗauki babur ya fita shi kaɗai, don ya nuna mata zai iya.

Aikin sa ƙararrawar gobara ne a shagon Bu Marni (Bu kamar Malama ne), mai soya ayaba da tukunyar gas a ƙasa, iyalinta kuma suna kwana a sama. Wayar da ya saya a hanya sabuwa ce, ba zare ba ƙulli. Ya kalle su, ya zaɓi wadda zuciyarsa ta ba shi, ya ɗaure.

Da ya gama, ya kunna maganin sauro mai naɗi ya kara a ƙarƙashin na'urar, kamar yadda ya saba gwadawa. Hayaƙi ya tashi ya lulluɓe ta.

Shiru.

Ya ƙara matsar da hayaƙin. Shiru. A gefen ɗakin jikar Bu Marni na barci cikin zanen da aka rataye mata a silin, yana lilo a hankali. Ya buɗe murfin ya ƙura wa wayoyin ido, amma duk kamarsu ɗaya.

"Ka manta abincinka."

Sekar ce a bakin matakala, riƙe da ƙullin shinkafa, ruwan sama ya jiƙa mata mayafi. Ta ɗaga kai sau ɗaya, ta rage murya don kada Bu Marni ta ji.

"Ka juya su, Mas."

Ya sauya su, ya sake kara hayaƙin. Ƙararrawa ta tsala ihu, jaririya ta farka da kuka, Bu Marni ta rugo da matsami a hannu tana salati.

Gunarto ya zauna a kan tsani. Ba jaririyar kaɗai yake gani ba, har da ɗakunan Pak Harjo cike da 'yan mata suna barci, sun dogara da wayar da ya ɗaure a kan sa'a. Nan take ya kira Bagyo ya ce a bar maganar takardar.

Sannan ya kalli matarsa, ya kira ta da sunan da mazan can ke kiran matansu. "Dik, lissafin ƙarfin wuta zai ba ki wahala."

"Ai ina da malami a gida," in ji ta.

Daga ranar teburin cin abincinsu ya zama aji. Ta san aikin hannu tun tuni, shi kuma ya koya mata lissafi da karanta zanen gini. Duk sanda ya wuce ta masaukin ya ga masu fenti sun haura wani bene, sai ya ƙara sauri zuwa gida.

Ranar jarrabawa ita kaɗai ce mace a layi. Wani ya ce mata, "Ajin girki yana can gaba, 'yar uwa." Ba ta ko waiga ba. Gunarto ya zauna a kan babur a waje, shayin da ya saya ya huce bai kurɓa ba. Da ta fito, yatsanta da yanka, ya tambaye ta yaya. Ta ce, "Ban sani ba, Mas."

Sakamako ya yi jinkiri, amma ta ci; takardun lasisi ma suka ja nasu lokaci. Ranar da suka karɓo, masu fenti suna wanke burushi.

Pak Harjo ya sa tabarau ya karanta, ya ɗago. "Wannan ai ba sunanka ba ne."

Gunarto ya dubi leburori tsaye suna saurare.

"Sunan matata ne, Pak. Idona ba ya rabe ja da kore. Duk aikin da ka taɓa yaba mini, da idonta na yi shi. In za ka ba wani aikin, ba zan ga laifinka ba."

Dattijon ya juya ya dubi Sekar. Sannan ya naɗe takardar ya miƙa mata da hannu biyu.

"Wanda ya faɗi wannan a gaban leburori ba zai ɓoye mini matacciyar waya a cikin silin ba. Bu Sekar, yaushe za ku fara?"

A hanyar komawa, 'yan rumfar kofi suka ɗaga murya kamar kullum. "Ango, amarcin bai ƙare ba?"

Wannan karon Gunarto ya taka birki.

"Bai ƙare ba," in ji shi. "Ku gaida mai lasisi, ni direbanta ne."

Sekar ta mintsine shi a kwiɓi, amma ba ta saki rigarsa ba har gida.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka ɓoye rauninka a inda rayukan mutane suka dogara da aikinka, kuma kada ka ji kunyar ɗaga wanda ya daɗe yana riƙe maka tsani. Ku tura wa wani ya karanta, wataƙila akwai wanda ya kamata ya gode wa tun da daɗewa.